Bahagon ɗana da tallafin kashi 25

Ni haifaffiyar Zariya ce, amma na haura shekara 20 ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Cacar biza ce ta kawo maigidana, daga baya na biyo shi. Shi tasi yake ja, ni kuma ina kula da tsofaffi a gidajensu. Ɗanmu na fari sunan kakansa ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Labarin yadda muka zaɓa masa jami'a nake so in bayar, saboda iyayen da Allah ya jarraba da yaro mai son wasan besbol, wato wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, a ƙasar nan.

Gidan da muke haya ba shi da nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees na titi na 161. A 2009 aka buɗe sabon filin, aka rushe tsohon, aka mayar da wurin filayen wasan yaran unguwa. A nan Abba ya lalace, in ji babansa. Yawancin maƙwabtanmu 'yan Jamhuriyar Dominika ne, su kuwa besbol a jininsu yake, da ƙyar ake yaye yaro kafin a saƙala masa safar cafe ƙwallo. Babu yaron da bai haddace labarin Manny Ramirez ba, wanda ya tashi a Washington Heights, can tsallaken kogi, ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi daga sakandare a 1991. Kowa gani yake shi ne na gaba.

Abba bahago ne. Da Hajiya surukata ta zo mana ziyara ta sha fama da shi har ya koyi cin abinci da dama, amma jifa ya ƙi barin hagu. Ashe a wannan wasa bahagon mai jifa kadara ne, don ba su da yawa, kuma yawancin masu bugu ba su saba da yadda ƙwallonsu ke karkata ba. Kafin ya gama aji 10 kocinsa na sakandare ya kira mu ya ce yaron nan zai iya yin wasa a jami'a, mu fara shiri. Baban Abba ya saurare shi tsaf, da muka fito ya ce da ni: "Maman Abba, ban tsallako teku don in haifi ɗan ƙwallo ba." Shi burinsa yaron ya karanta haɗa magunguna. Abba kuwa injiniya yake so, tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ko fanka su zauna lafiya a gidan.

Wadda ta fara buɗe min ido wata maƙwabciyata ce 'yar Dominika, babban ɗanta ya riga ya bi wannan hanya. A wurin wankin kaya na ƙasan benenmu ta zayyana min yadda abin yake. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin yawancin jami'o'i, kuma ta kasa su rukuni 3. Rukuni na ɗaya shi ne na talabijin, shi ne masu zuwa gasar ƙarshe a birnin Omaha na jihar Nebraska duk watan Yuni, inda ake yin ta tun 1950. Rukuni na biyu na bi masa. Rukuni na uku ba ya bayar da ko sisi saboda wasa. Ban da su akwai wata hukuma mai suna NAIA ta ƙananan jami'o'i, sai kuma kwalejojin shekara biyu. A lissafin NCAA ɗin kanta, cikin yara 100 da ke buga besbol a sakandare, kusan 2 ne ke kaiwa rukuni na ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar tallafin karatu. Mu a tunaninmu, in an ce jami'a ta ɗauki yaro don wasa, ai an ɗauke wa iyaye komai ke nan. Haka yake a lokacin a ƙwallon kwando da ƙwallon zari-ruga na Amurka a manyan makarantu, amma ban da besbol. A lokacin, dokar rukuni na ɗaya ta ce ƙungiya ba za ta wuce kuɗin cikakken tallafin yara 11.7 ba, kuma a ƙa'idar da aka daɗe a kai, wannan ake yanka wa yara har 27 daga cikin 35 da ke jerin ƙungiya. Watanda ce kawai: saniya guda, masu kaso da yawa, kowa ya tashi da ɗan ƙullinsa. Mafi ƙarancin ƙulli a al'ada kashi 25 cikin 100 ne. Rukuni na biyu 9 ne nasu. Kuma ba kowace jami'a ce ke da kuɗin cika 11.7 ɗin ba ma.

Muna cikin wannan sai korona ta shigo a watan Maris na 2020. Aka soke wasanni, aka hana kococin rukuni na ɗaya fita kallon yara ido da ido har ƙarshen Mayun 2021. Waɗanda ke jami'a aka ƙara musu shekarar wasa saboda wadda suka rasa, don haka ba su tashi sun ba na baya wuri ba. Zaɓen sabbin 'yan wasa da manyan ƙungiyoyi ke yi, wanda da zagaye 40 ne, aka mayar da shi 5 a 2020, sannan 20 daga 2021, wato waɗanda da sun tafi sun zama 'yan wasan albashi su ma suka ci gaba da zama a makaranta. Ƙofar ta matse daidai lokacin da yaran ajin su Abba suka iso bakinta. Ƙanwarsa ce ke tsayawa bayan mai cafe ƙwallo da wayata tana ɗaukar bidiyo, wani yaro na riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo da suka aro, shi kuma ya kwana yana tura wa kococi saƙon imel. Jifansa a lokacin yana kai mil 84 zuwa 85 a awa. Ga bahago wannan ya isa a kalle shi, bai isa a yi rububinsa ba.

Da bazarar 2021 ta zo na kwashi adashina na matan masallaci na biya masa kuɗin ƙungiyar da ke yawon gasa, har suka je manyan wasannin da kamfanin Perfect Game ke shiryawa a jihar Georgia, inda kococi ke jeruwa bayan raga da littattafansu. Babansa bai ce komai ba, sai dai ya ƙara awannin tuƙi. Na riga na yi masa rajista da ofishin NCAA mai tantance cancanta, wanda ke buƙatar darussa 16 na asali da makin da bai gaza 2.3 cikin 4 ba ga rukuni na ɗaya. Ta wannan fannin Alhamdulillahi ba mu da damuwa, makinsa ya wuce nan da nisa, kuma daga baya makin ne ya fi hannun kawo mana kuɗi.

Kafin kaka ta ƙare makarantu 4 suka nuna da gaske suke.

Ta farko jami'a ce mai zaman kanta a wata jiha maƙwabciya, rukuni na ɗaya, ta yi masa tayin kashi 25. Ranar da kocin ya kira, Abba ya yi ta tsalle har na ƙasanmu suka bugo rufi da tsintsiya. Ni ma na yi guɗa. Sai da aka kwana biyu na zauna da biro. Kuɗin makarantar da ɗaki da abinci ya haura dala dubu 65 a shekara. A cire kashi 25, a cire tallafin Pell na gwamnatin tarayya wanda mafi yawansa a shekarar da zai shiga dala 6,895 ne, a cire ɗan abin da makarantar ta ƙara saboda maki, saura fiye da dala dubu 30 a kanmu duk shekara. Tallafin TAP na jihar New York kuma ba ya bin yaro in ya tsallake iyakar jiha. Da na kira ofishin kuɗinsu, matar ta ce ai ba matsala, akwai bashin da gwamnati ke bai wa iyaye. Na tambaye ta ko da ruwa a kai, ta ce e mana.

Nan Baban Abba ya kafe. Mutum ne da ya ƙi sayen gida a ƙasar nan saboda kuɗin ruwa, ya gwammace haya har gobe. Ya ce wa ɗansa: "Abin da ban ci don rufin kaina ba, ba zan ci don ƙwallo ba." Wasu 'yan uwanmu a nan sun ɗauki irin bashin, suna da malaman da suka ba su uzurin lalura, ni ba na zarginsu. Amma a gidanmu maganar ta mutu daga ranar.

Ta biyu babbar jami'ar jiha ce a kudu, inda ake wasa cikin rana tun Fabrairu, filinsu kamar na ƙwararru. Su ba su ba da ko kwabo ba, cewa suka yi ya zo an ajiye masa wuri ya gwada. Ɗan wata jiha kuwa kuɗin makaranta ninki yake biya. Kocin sakandarensa ya ja ni gefe ya ce in lura, irin waɗannan ƙungiyoyi sukan tara yara fiye da kima da kaka, a yi ta atisaye har Nuwamba, sannan a sallami na sallama, kuma wanda ba a kashe wa kuɗi ba shi ne farkon fita. Yaro ya riga ya biya kuɗin zango, ga shi nesa da gida, ga ba ƙwallo.

Ta uku kwalejin shekara biyu ce a Texas, za su ɗauke kuɗin karatu da littattafai. Wannan ta ja hankalin Abba sosai, kuma da hujjarsa. Wanda ya shiga jami'ar shekara huɗu sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21 kafin manyan ƙungiyoyi su iya ɗaukarsa, amma na kwalejin shekara biyu kowace shekara ana iya ɗaukarsa. Bryce Harper ta nan ya bi, daga wata kwaleji a Nevada ya zama na farko a zaɓen 2010. Albert Pujols ma daga irin wannan kwaleji a Missouri aka ɗauke shi a 1999, a zagaye na 13. Abba ya karanto min sunayen nan kamar mai biya hadda. Na ce masa: "Abba, waɗannan biyun ka sani saboda su biyu ne. Ina sauran da suka shiga tare?" Abin da ya kashe maganar dai shi ne darussa. Da muka duba, ba su da rabin lissafi da kimiyyar da mai son injiniya ke buƙata a shekarun farko, in ya koma babbar jami'a sai ya kusan farawa daga tushe.

Ta huɗu jami'ar jihar New York ce can arewa, inda dusar ƙanƙara ke kaiwa gwiwa, rukuni na uku. Kocin ya gaya mana gaskiya tun a waya cewa ba shi da sisin da zai bayar. Amma kuɗin karatu ga ɗan jiha dala 7,070 ne a shekara, Pell da TAP suna aiki a can, kuma makarantar ta ba shi kyautar maki. Ɗaki da abinci ne masu tsada, sun kusan ninka kuɗin karatun sau biyu. Duk da haka abin da ya rage bai fi ƙarfin tasi da adashi ba. Makarantar da ba ta ba shi komai don wasa ba ita ce mafi araha da tazara mai yawa.

Abba bai ga haka ba. Abokansa suna ta sa hotunansu a Instagram sanye da hulunan manyan makarantu, ana yi musu barka. A wurinsu rukuni na uku wurin waɗanda aka ƙi ne. Ya daina cin abinci tare da mu, in ya dawo sai ya shige ɗaki. Wata rana ya ce min: "Umma, ku kuɗi kawai kuke gani. Ni shekara goma nake wannan abu." Maganar ta soke ni, don gaskiya ya faɗa, na ga sanyin da ya sha yana jifa a bangon makaranta cikin Janairu.

Ban yi masa gardama ba, aiki na ba shi shi da ƙanwarsa. Kowace jami'a tana ajiye jerin 'yan wasanta na shekarun baya a intanet, da ƙididdigar wanda ya buga da yawan abin da ya buga. Na ce su ɗauki makarantar kashi 25 ɗin, su rubuta sunayen yaran da suka shiga shekara huɗu baya, su bi su ɗaya bayan ɗaya su ga nawa suka kai ƙarshe. Ba su kai rabi ba. Na ce su ƙirga bahagwai masu jifa da ke gabansa, suka samu cike da hannu har da ƙari. Na ce su duba 'yan shekarar farko nawa aka bai wa ƙwallo, sai ga shi yawancinsu benci suka ɗumama. Sannan su duba abin da 'yan wasan ke karantawa. Babu injiniya ko ɗaya.

Da muka je ziyara na tambayi kocin kan wannan. Mutumin kirki ne, bai ɓoye ba. Ya ce ɗakunan gwaje-gwaje na injiniyoyi da rana ake shiga, daidai lokacin atisaye, kuma a rukuni na ɗaya ana buga wasa har 56 daga tsakiyar Fabrairu. Makarantun arewa kuwa makonnin farko duk a kudu suke yi saboda sanyi, a tashi Alhamis a dawo daren Lahadi. Dokar da ta ce kada atisaye da wasa su wuce awa 20 a mako ba ta ƙirga zaman mota da filin jirgi. Ya ba da shawara Abba ya fara da wani fanni mai sauƙi tukuna. Na kuma tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne, ya ce shekara-shekara ake sabuntawa, ana sanar da yaro kafin 1 ga Yuli. A mota Baban Abba bai ce uffan ba, wanda a wurinsa ya fi dogon jawabi.

Ba mu ne muka juya shi ba a ƙarshe. Da kansa ya nemo wani yaro da ya bar wannan ƙungiya, suka daɗe a waya. Ban san duk abin da suka tattauna ba, amma ya fito ya ce min yaron ya yi shekara biyu bai jefa abin kirki ba, aka rage masa tallafi, ya sa sunansa a rajistar masu neman sauya makaranta, wadda NCAA ta buɗe a 2018, kuma har lokacin ba wanda ya kira shi, ga bashi a wuyan iyayensa. Bayan kwana kaɗan ya ce mu je mu ga ta arewan.

Can kocin bai fara kai mu fili ba, ofishin shugaban sashen injiniya ya kai mu, suka baje jadawalin darussa suka nuna ranakun da za su ci karo da wasa da yadda ake yi. Wasanninsu ba sa wuce 40, kuma yawanci a mota ake zuwa a dawo. Na tambayi maganar azumi da Juma'a, kamar yadda na tambayi sauran. Wasu da sauri suke cewa ba damuwa, ka san ba su ma gane tambayar ba. Shi wannan ya ce bai taɓa samun ɗan wasa mai azumi ba, ya ɗauko biro ya tambayi wane wata zai kama da ƙarfe nawa ake shan ruwa, sannan ya sa aka nemo mana ɗakin da ɗalibai Musulmi ke sallar Juma'a. Wannan ya ci Baban Abba da yaƙi. Har ya haƙura da maganar magunguna. Shi kuma Abba da ya kalli atisayensu jikinsa ya yi sanyi, don ya ga yaran da suka fi shi jifa. Masu raina rukuni na uku ba su kalle shi ba ne. A cikin jami'o'in jiharmu akwai Cortland, wadda ta ci kofin ƙasa na rukunin a 2015.

Ya shiga a Agustan 2022. Shekarar farko aka fara ba shi ƙwallo, kuma azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, tsakiyar kakar wasa. Malaminmu ya ce ranar tafiya yana da rangwamen matafiyi, ya sha ya rama. Sauran ranakun da azuminsa yake atisaye, abokansa har sun koyi ajiye masa dabino a jaka. Sahur ne ya ba shi wuya saboda ɗakin cin abinci a rufe yake da asuba, sai na riƙa aika masa dambun nama da garin kunu.

A farkon kakar 2024 gwiwar hannunsa ta hagu ta fara ciwo. Hoto ya nuna jijiyar ta ɗan tsage, irin wadda in ta tsinke sai an yi aikin da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da aka fara yi wa a 1974, kuma jinyarsa ta fi shekara. Allah ya taƙaita, hutu da gashi aka ba shi, amma kakar ta wuce shi. Na yi kuka, shi ma na san ya yi. Sai dai ko dala ɗaya ba ta canja a takardar kuɗin makarantarsa ba, domin ba hannun ne ya kawo tallafin ba. A wannan shekarar ya fi cin maki, har ya samu aikin koyon sana'a a wani kamfanin lantarki da bazara.

Kada a ɗauka ina cewa namu ne kaɗai daidai. Cikin abokansa akwai wanda ya tafi kudu ba tare da tallafi ba, ya dage, yanzu da shi ake fara wasa, mun gan shi a talabijin. Akwai wanda aka sallama tun kakar farko, yana aikin kai kaya yanzu, makarantar ma ya bari. Ɗan maƙwabciyata na biyu ya bi ta kwalejin shekara biyu kuma ta karɓe shi. Duk watan Yuni in ana wasannin Omaha, Abba yakan kalla da wata irin fuska, ni kuma in ba shi wuri.

Yanzu yana shekarar ƙarshe, jifansa ya kai mil 89, kuma saboda kakar da ciwo ya cinye an mayar masa da shekarar wasa guda. Dokar ta ba shi dama in ya gama digiri ya je wata jami'a ya yi digiri na biyu ya buga wannan shekarar, ko da a rukuni na ɗaya ne. Sai dai abubuwa sun canja. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun wata shari'a tsakanin 'yan wasa da NCAA, wanda ya soke iyakar 11.7 ga makarantun da suka shiga tsarin, aka kuma ƙayyade 'yan wasa 34 a ƙungiya. Masu kuɗi za su iya ba kowa cikakken tallafi, marasa kuɗi suna nan inda suke, guraben kuma sun ragu. Kamfanin lantarkin ya ce yana son ya dawo a ba shi aiki na dindindin. Babansa ya ce ya karɓi aikin, a fara maganar aure. Shi kuwa ya riga ya sa ƙanwarsa ta fara ƙirga bahagwai a jerin wasu makarantu uku masu digiri na biyu a injiniya, ya ce in ba su biya aƙalla abin da zai hana mu bashi ba, ba zai ko ɗaga wayarsu ba.